DASHEN ƘWAI: A TSARE KWANA BIYAR NA FARKO

A shekarar 1978 aka kammala ginin madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, a ƙasar Maradun. A cikin wannan shekarar kuma, ranar 25 ga watan Yuli, aka haifi wata jaririya mai suna Louise Brown a garin Oldham na ƙasar Ingila, wadda ita ce mutum na farko da aka haɗa ƙwan uwarta da maniyyin ubanta a wajen jiki, sa'an nan aka mayar da su cikin mahaifa. Ayyukan nan biyu duk ƙoƙari ne na ɗan Adam ya kai albarka inda ba ta isa da kanta ba, ɗaya ruwa ga gonar rani, ɗaya kuwa ɗa ga gidan da ya daɗe yana jira. Mutanen Maradun da Talata Mafara da Bakura sun san na farko ciki da bai, sun ɗanɗana zaƙinsa, sun kuma sha ɗacinsa. Na biyun kuwa yanzu ne yake yin sallama a gidajensu, ta bakin likitoci da rediyo da wayar hannu.

Ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne, dashen ƙwai, wanda likitoci ke kira IVF, ni'ima ce babba, kuma mafi yawan yaran da aka samu ta wannan hanya lafiyarsu lau. Amma 'yan kwanakin da ɗan tayi yake yi a hannun mutane kafin a mayar da shi cikin uwarsa suna barin alama a jikinsa, wata mai sauƙi, wata mai nauyi. Saboda haka wajibi ne hukuma ta sa ido a kan masu wannan aiki, wajibi ne kuma duk wanda zai sayar da gonarsa ko shanunsa don neman haihuwa ya san abin da zai tambaya tun kafin ya miƙa kuɗinsa.

GIRMAN MATSALAR

Watakila wani ya ce, ina ruwan Zamfara da wannan magana, alhali ga matsalar tsaro, ga mace-macen mata wajen haihuwa, ga kuma 'ya'ya cike da gidaje? Gaskiya ne, binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma mace takan haifi 'ya'ya fiye da 6 a tsakaici. To, amma wannan yawan shi ne yake ƙara wa wadda ba ta samu ba raɗaɗi. A garin da kowace safiya ake raɗin suna, macen da ta shekara 10 a ɗaki ba ko ɓatan wata ita ce abin nuni. Ta sha gorin kishiya da na dangin miji, a kira ta juya, ta ƙarar da ɗan abin hannunta a wajen bokaye da masu sassaƙe, daga ƙarshe kuma sau da yawa takardar saki ce sakamakonta. A watan Afrilu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin mutum 1 cikin kowane baligai 6 yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma ƙasashe masu arziki da matalauta kusan duk ɗaya suke a wannan lissafi. Hausawa sun ce haihuwa maganin mutuwa, don haka wanda ya rasa ta ba zai zauna ba, ko an ba shi shawara ta gari ko ba a ba shi ba.

Tun a 1985 wani babban bincike na wannan hukuma ya nuna cewa a Afirka mafi yawan rashin haihuwar mata daga cututtuka masu kama mara yake tasowa, irin su ciwon sanyi da ruɓar da kan biyo bayan ɓari ko haihuwa cikin rashin tsabta, waɗanda kan toshe bututun da ƙwai yake bi daga ma'ajiyarsa zuwa mahaifa. Irin wannan toshewa ce ta hana mahaifiyar Louise Brown haihuwa shekaru da yawa, kuma dominta ne Dokta Patrick Steptoe da Robert Edwards da Jean Purdy suka gwada wannan dabara. An ba Edwards lambar yabo ta Nobel a 2010, kuma yaran da aka haifa ta wannan hanya a duniya sun haura miliyan 10. A nan Nijeriya, Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie suka soma aikin a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas cikin shekarun 1980, sa'an nan a 1998 aka yi haihuwa ta wannan hanya a asibitin Nisa da ke Abuja, a hannun Dokta Ibrahim Wada. Yau asibitoci masu zaman kansu da ke wannan aiki sun yawaita a manyan birane, kuma gwaji guda ɗaya yakan ci miliyoyin Naira.

TAFIYAR ƊAN TAYI

Kafin mu gane abin da hannun mutum yake canjawa, ya kamata mu san yadda abin yake gudana bisa al'ada. Ƙwan mace bai wuce kashi 1 cikin 10 na milimita ba, watau da ƙyar ido yake ganinsa. A cikin bututun nan yake gamuwa da ƙwayar maniyyi guda ɗaya wadda ta tsere wa miliyoyin 'yan'uwanta. Kowannensu yana ɗauke da zaren gado 23, waɗanda masana ke kira kuromosom, su haɗu su zama 46. A rana ta biyu ƙwayar nan ta rabu ta zama 4, a rana ta uku ta zama kamar 8. Har zuwa wannan lokaci ɗan tayi da guzurin da uwa ta ƙunsa a cikin ƙwai yake tafiya. Masana a Cambridge sun nuna a 1988 cewa tsakanin ƙwayoyi 4 zuwa 8 ne nasa gadon yake farkawa ya karɓi ragamar aiki, kuma a wannan gaɓa ce da yawa sukan tsaya, su kasa wucewa.

Wanda ya tsallake, a rana ta huɗu ƙwayoyinsa sukan dunƙule, a rana ta biyar ko ta shida kuma ya zama kamar 'yar ƙwallo mai ruwa a ciki, mai ƙwayoyi fiye da 100. A nan ne rabon aiki na farko yake faruwa. Ƙwayoyin da suka taru a ciki su ne za su zama jariri, waɗanda suka kewaye su kuwa su ne za su zama mabiyiya, wadda za ta ciyar da shi har ranar haihuwa. Bayan haka sai ya ƙyanƙyashe daga ɓawonsa, ya manne a jikin mahaifa wajen rana ta bakwai. Duk wannan tafiya cikin duhu ake yinta, cikin ɗumin da ba ya hawa ba ya sauka, cikin ruwan jiki wanda abincin da ke cikinsa yake sauyawa daga wannan zango zuwa wancan gwargwadon bukatar matafiyin.

FANGALIN RENO

Manomin shinkafa a Bakolori ya san cewa kafin dashe akwai reno. Yakan yafa iri a ɗan fangali, ya tsare ruwansa da takinsa, domin ya san dashen da ya wahala a reno, ko an kai shi gona mai kyau, da wuya ya kamo ɗan'uwansa. Ɗakin binciken asibitin dashen ƙwai shi ne fangalin renon ɗan Adam, kuma akwai abubuwa da yawa da suka bambanta shi da cikin uwa.

Na farko shi ne iska. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kusan kashi 21 cikin 100, amma a cikin bututun ƙwai da mahaifa bai wuce kashi 2 zuwa 8 ba. Shekaru da dama ana renon 'yan tayi cikin iskar ɗaki, kafin gwaje-gwaje su nuna cewa yawan oksijin yana gajiyar da ƙwayoyinsu, kuma rage shi zuwa kashi 5 yana ƙara yawan waɗanda ke kai wa ga haihuwa. Amma rage shi yana bukatar akwatin reno na musamman da tulunan iskar naitirojin waɗanda ba sa yankewa, watau ƙarin kuɗi, kuma mai neman haihuwa ba shi da hanyar sanin ko an yi masa hakan sai ya tambaya.

Na biyu shi ne zafi. Tilas akwatin ya tsaya a digiri 37 dare da rana. A cikin ƙwai akwai wasu siraran igiyoyi da ke raba zaren gado daidai wa daida, kuma sanyi na 'yan mintoci yana iya wargaza su. In rabon ya karkace, ɗan tayi yakan sami zare fiye ko ƙasa da ƙa'ida, abin da kan jawo ƙin kamawa ko ɓari. A ƙasar da wutar lantarki take zuwa ta koma ba sallama, wannan batu ya isa ya hana kowane mai hankali barci.

Na uku shi ne ruwan renon kansa, wanda kamfanoni ke haɗawa da gishiri da sukari da sinadaran gina jiki. A 2010 Dokta John Dumoulin da abokan aikinsa a Maastricht ta ƙasar Holan suka lura cewa jariran da aka rena cikin ruwan wani kamfani sun bambanta da na wani wajen nauyi ranar haihuwa. Wani gwaji da asibitoci da dama na ƙasar suka haɗu suka yi ya tabbatar da haka a 2016, inda bambancin ya kai giram 150 da 'yan kai. Mai karatu ya yi tunani a kan wannan. Kwana biyu ko uku kacal a cikin ruwan da bai cika cokali ba, amma bayan wata tara sai ga shi sikeli ya nuna. Lalle Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

BAƘI DA WASALI

Yaya aka yi abu ɗan kaɗan haka yake da dogon tasiri? Wanda ya yi karatun allo zai fi kowa saurin fahimta. Gadon da ke cikin zaren nan kamar baƙaƙe ne, amma a kansu akwai wasu alamomi na sinadari masu kama da wasali, waɗanda ke nuna wurin da za a karanta da wurin da za a yi shiru. A kwanakin farko bayan haɗuwar ƙwai da maniyyi, jiki yakan wanke mafi yawan waɗannan alamomi kamar yadda ake wanke allo, domin a sake sabon rubutu. Sai dai akwai wasu 'yan kaɗan da ba a taɓawa, waɗanda ke nuna cewa wannan daga uba ya zo, wancan daga uwa, kuma da yawansu girman jariri da na mabiyiya suke daidaitawa. Wannan wanki da tsarewa yana faruwa ne daidai lokacin da ɗan tayi yake cikin faranti a ɗakin bincike.

Likitocin dabbobi ne suka fara ganin illar. A cikin shekarun 1990 an lura cewa wasu 'yan maruƙa da 'yan tumaki da aka rena ƙwansu a waje sukan zo da girman da ya wuce kima, har haihuwarsu ta gagara. A 2003 kuma rahotanni daga Amurka da Ingila da Faransa suka nuna cewa wata larura mai kama da wannan a cikin mutane, wadda ake kira Beckwith-Wiedemann, ta fi yawa a cikin yaran dashen ƙwai. Yaron yakan zo da girman jiki da babban harshe, wani lokaci da matsalar cibiya, kuma yana bukatar a riƙa duba ƙodarsa yana ƙarami. Adalci shi ne a faɗi cewa larurar ba ta da yawa. A cikin jama'a kimanin yaro 1 ne cikin 10,000 ko fiye, kuma ko da an ninka, da wuya a sami fiye da 1 a cikin yaran dashe 1,000. Amfanin saninta shi ne ta zama shaida cewa abin da ake yi a reno yana isa har ga wasalin gado.

ALLURA DA ƘANƘARA

Hanyar haɗa ƙwai da maniyyi iri biyu ce. A ta asali, akan zuba dubban ƙwayoyin maniyyi kewaye da ƙwai a bar su su yi tsere, mai ƙarfi ya shiga. A ta biyu, wadda Dokta Gianpiero Palermo da Farfesa André Van Steirteghem suka fito da ita a birnin Brussels na Beljiyam a 1992, ma'aikaci ne yake zaɓen ƙwaya guda da idonsa ta madubin likita, ya cusa ta cikin ƙwai da siririyar allura. Ita ce ake kira ICSI. Ga namijin da maniyyinsa ya yi ƙaranci ko rauni ƙwarai, wannan hanya rahama ce, domin ta ba maza da yawa 'ya'ya na jininsu bayan sun fid da rai.

Amma allura tana tsallake tantancewar da halitta take yi. Wani bincike da aka yi a Kudancin Ostareliya a kan haihuwa fiye da 300,000, wanda aka buga a 2012, ya sami nakasar haihuwa a kashi 8.3 cikin 100 na yaran da aka samu da taimakon likita, a kan kashi 5.8 na sauran yara. Da aka cire tasirin shekarun uwa da makamantansu, sai bambancin ya kusan ɓacewa ga hanyar asali, amma ya saura ga hanyar allura. Masana suna ganin wani kaso na wannan daga raunin maniyyin uban ne yake zuwa, wanda dama shi ya sa aka nemi allurar. A 2016 kuma likitocin Brussels suka auna samari 54 daga cikin na farkon da aka haifa ta allura, suka tarar yawan maniyyinsu kusan rabin na tsararrakinsu ne.

Abin takaici shi ne yanzu asibitoci da yawa a duniya suna yi wa kusan kowa allura, ko da mijin lafiyarsa ƙalau, kuma ta fi tsada. Wani gwaji da aka yi a ƙasar Biyetnam a kan ma'aurata 1,064, wanda aka buga a 2021, ya nuna cewa in maniyyin miji ba shi da matsala, allura ba ta ƙara yawan haihuwa ƙari na a zo a gani. To, in babu riba, mene ne dalilin huda ƙwai da ƙarin kuɗi?

Akwai kuma batun daskarewa. Tun 1984 aka haifi jaririya a Melbourne daga ɗan tayin da aka adana cikin ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma dabarun yau sun sa mafi yawan 'yan tayi suna farfaɗowa lafiya. Jariran dashen nan-take sukan ɗan fi ƙaranci wajen nauyi, watakila saboda alluran da aka yi wa uwa don ta nunar da ƙwai da yawa sun taɓa shimfiɗar mahaifa. Na daskararre kuwa sukan ɗan fi girma, kuma in magani kaɗai aka yi amfani da shi wajen shirya mahaifa, hawan jinin ciki, wanda kan kai ga jijjiga, yakan ƙaru. Kowace hanya da nata amfani da nata farashi, kuma haƙƙin mace ne a bayyana mata su da harshen da take ji.

TAURA BIYU

Duk waɗannan haɗurra ƙanana ne in an gwada su da guda ɗaya wanda mu da kanmu muke roƙo a yi mana, watau dasa 'yan tayi da yawa a lokaci guda. Mu mutane ne masu son tagwaye, kuma wanda ya shekara 15 yana jira, ya kuma biya kuɗi masu yawa, in an ce masa ga Hasan da Husaini a tafiya ɗaya, ba zai ce a'a ba. Shi ma asibitin yana so a ce aikinsa yana ci. Amma fiye da rabin tagwaye kafin cikar wata tara ake haihuwarsu, 'yan uku kuwa kusan dukkansu bakwaini ne, ga hawan jini da zubar jini da tiyata ga uwa. A Ingila, inda aka kafa hukumar kula da wannan aiki a 1991, an matsa wa asibitoci su riƙa dasa ɗaya su daskarar da saura, har haihuwar tagwaye da 'yan uku ta sauko daga kimanin kashi 28 cikin 100 a shekarun 1990 zuwa kashi 5 a 2021, kuma yawan masu samun haihuwa bai ragu ba.

In ƙasar da ke da kwalaben renon bakwaini a kowane babban asibiti ta ji tsoron wannan, ina ga macen da za a yi wa dashe a Abuja ta komo Maradun da cikin 'yan uku? In naƙuda ta taso mata a wata na bakwai cikin dare, sai an nemi mota zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu. Taura biyu ba ta taunuwa. Ɗa guda mai lafiya a hannu, da sauran a ajiye har a yaye shi, ya fi uku a likkafani.

Ya kamata kuma a faɗa wa mutane gaskiyar lissafi. Ko a Ingila, ga macen da ba ta kai shekara 35 ba, kimanin dashe 1 cikin 3 ne yake kai wa ga haihuwa, ga wadda ta haura 43 kuwa, da ƙwanta, bai kai 1 cikin 10 ba, domin kuskuren rabon zaren gado yana ƙaruwa da shekarun ƙwai. Duk wanda ya ce maka aikinsa ba ya faɗuwa, riƙe aljihunka.

MATSAYIN MALAMAI

Malaman Musulunci ba su yi jinkiri a kan wannan mas'ala ba. A 1980 Muftin Masar na lokacin, Shaihu Jadul-Haƙ Ali Jadul-Haƙ, ya ba da fatawar halaccinta, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke irin wannan hukunci a zamanta na birnin Amman a 1986. Sharaɗin shi ne maniyyin na miji ne, ƙwan na matarsa ne, mahaifar tata ce, kuma igiyar aure tana nan. Wannan sharaɗi ma ya sake mayar da mu ɗakin bincike, domin abin da ido ba ya gani, rubutun da ke jikin faranti da amanar ma'aikaci ne kaɗai suke tsare nasabarsa. Tsarin da zai kare lafiyar ɗan tayi shi ne dai zai kare asalinsa.

ABIN YI

Darasin Bakolori yana gabanmu. An kawo babban aiki ba tare da an zauna da manoma an fahimtar da su an kuma biya su haƙƙinsu yadda ya kamata ba, har aka kai ga rikicin watan Afrilu na 1980 wanda aka yi asarar rayuka. Daga baya na'urorin feshin ruwa suka tsaya saboda rashin kulawa, sai da aka koma ga Bankin Duniya a 2014 neman kuɗin gyara. Fasaha ba ta riƙe kanta, sai da doka da gyara da sanin jama'a.

Da farko, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kwafin mutum da wasa da gadon ƙwai, amma ba ta shimfiɗa dalla-dalla yadda za a gudanar da ɗakin reno ba. Jihar Legas ta fitar da nata ƙa'idojin a 2019. Ya kamata Gwamnatin Tarayya da Majalisar Dokoki su tabbatar da hukuma guda mai haƙori wadda za ta ba da lasin, ta riƙa kai ziyarar bazata, ta ƙayyade yawan 'yan tayin da za a dasa, ta kuma tilasta wa kowane asibiti ya bayyana yawan jariran da aka haifa da rai, maimakon yawan matan da gwaji ya nuna sun ɗauki ciki. A kuma buɗe rajista ta bin lafiyar waɗannan yara, domin kusan duk alƙaluman da na kawo daga Turai da Ostareliya da Asiya suke, kuma 'ya'yanmu sun cancanci nasu.

Na biyu, Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara ta fara daga tushe, domin rigakafi ya fi magani. Maganin ciwon sanyi a kan lokaci ga miji da mata tare, da ungozoma mai tsabta, da kula da mace bayan ɓari, da yaƙi da tsargiya a yankunan ban-ruwa, wadda ita ma tana iya taɓa bututun ƙwai, duk za su hana toshewa da kuɗin da bai kai na dashe ɗaya ba. Haka nan gubar dalma, wadda ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010, tana raunana maniyyi tana kuma jawo ɓari, don haka masu haƙar zinariya su sani. A sa manyan asibitocin Maradun da Talata Mafara da Bakura su iya awon maniyyi, aikin da madubin likita da ma'aikaci mai horo sun isa. A kusan rabin ma'auratan da ba su haihu ba, akwai matsala a ɓangaren miji, ko shi kaɗai ko tare da matarsa. Namijin da ya ƙi zuwa awo, ya riƙa auri-saki, zalunci yake yi, kuma yana cinye wa mata shekarun da ƙwansu yake da ƙarfi.

Na uku, mai zuwa neman dashe ya tafi da tambayoyinsa. Wace hanya za a bi, kuma in allura ce, don me? Oksijin nawa ne a akwatin reno? In an ɗauke wuta, me yake riƙe shi? Guda nawa za a dasa, kuma ina za a ajiye saura? Wa yake shaida lokacin da ake rubuta suna a faranti? Mata nawa masu shekarun matata suka haihu a hannunku bara? Likitan kirki zai yi murna da waɗannan tambayoyi. Wanda ya fusata kuwa ya riga ya ba ka amsa.

Na huɗu, ga ɗalibanmu na Jami'ar Jihar Zamfara da Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara da sauran makarantu. Ilmin ɗan tayi fage ne da yake neman mutane masu haƙuri da amana, kuma har yanzu ana binciken yadda za a sauƙaƙe shi. A garin Genk na Beljiyam, Farfesa Willem Ombelet da Farfesa Jonathan Van Blerkom sun gwada renon ɗan tayi cikin 'yar kwalba rufaffiya, inda ake samar da iskar da ake bukata daga sinadarin tsami da garin soda, kuma an haifi yara lafiyayyu ta wannan hanya. Irin wannan bincike talakan Arewa ne ya fi kowa bukatarsa, kuma ba wanda zai yi mana shi da zuciya ɗaya kamar 'ya'yanmu.

Allah ne mai bayarwa, kuma neman magani ba ya kore tawakkali. Abin da ya rataya a wuyan hukuma da likitoci da mu kanmu shi ne, in an ɗauko amana daga cikin uwa aka ajiye ta a hannun mutane na kwana biyar, a tsare ta kamar yadda ta cancanta. Allah ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, ya raya waɗanda aka samu, ya kuma kawo wa Zamfara zaman lafiya, amin.